Kyanwa, Kashinta da Lafiyar Ƴaƴanmu

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halicci abin da ido ke gani da abin da ido ba ya gani, Ya sanya wa kowace halitta abincinta da mazauninta, har tsutsar da ke kwance cikin hanjin dabba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan karo a kan kyanwa take, wadda waɗansunmu ke ce wa mage, waɗansu kuma mussa. Kada wani ya raina maganar. Da wuya ka shiga gida mai rumbu ko shago mai buhunan hatsi, daga Maradi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, ka rasa kyanwa a ciki, domin ita ce mai gadin da ba a biya. Tana kwana inda ƴaƴanmu ke kwana, tana shan ruwa inda muke sha, kuma tana shigowa masallaci ba tare da sallama ba.

Abin da ya jawo maganar shi ne tambayar da ta yawaita: an ce kyanwa tana da tsutsa a cikinta, shin mutum yana iya ɗauka? Jama'a sun rabu biyu kafin ma a ba su amsa. Waɗansu sun ji saƙo a wayar salula cewa kyanwa buhun cuta ce, sai suka kwashi ƴaƴanta cikin kwali suka kai juji, waɗansu ma suka sa mata guba. Waɗansu kuwa suka ce Annabi (S.A.W.) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, saboda haka duk wanda ya ce akwai cuta tare da ita ya ƙaryata hadisi. Na farko ya ɗauki alhakin rai. Na biyu ya ɗora wa hadisi abin da hadisi bai faɗa ba, kuma yaronsa ne zai biya.

Mu fara da abin da ya tabbata. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa, haka ma Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i da Ibnu Majah, cewa Kabshatu ƴar Ka'abu bin Malik, matar ɗan Abu Ƙatada, ta zuba wa surukinta ruwan alwala. Sai kyanwa ta zo za ta sha, sai Abu Ƙatada (R.A.) ya karkata mata ƙwaryar har ta ƙoshi. Da ya ga Kabshatu tana kallonsa da mamaki, sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kore najasa daga kyanwa, kuma ya lissafa ta cikin masu kai da komo a tsakaninmu cikin gida. Wannan hadisi ingantacce ne. A kansa da makamantansa ne malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka gina abin da kowane ɗalibi ya karanta cikin Iziyya a zaure, cewa duk mai rai tsarkakakke ne, da guminsa da yawunsa da majinarsa da hawayensa. Idan kyanwa ta goge ka ko ta kwanta bisa tabarmarka ta salla, sallarka ta yi. Idan ta sha ruwan butarka, alwalarka da sauran ruwan ta yi.

Amma ku lura, Allah Ya ji ƙanku, waɗannan malamai ba su tsaya nan ba. Littattafan da suka ce jikinta da yawunta tsarkakakku ne su ne kuma suka ce fitsarinta da kashinta najasa ne, domin ba ta cikin dabbobin da aka halatta cinsu kai tsaye kamar tunkiya da saniya da kaza. Shehu Halilu cikin Muhtasar ya ƙara da cewa sauƙin da aka yi game da sauran ruwan da ta sha saboda wahalar tsare kai ne daga gare ta, kuma idan aka ga najasa a bakinta a lokacin da take sha, to da abin da aka gani za a yi hukunci. Ashe ke nan shari'a tun farko ta raba tsakanin kyanwa da abin da ke fita daga bayanta. To, abin da likitoci suka gano da madubinsu ya faɗo daidai kan wannan rabe-rabe. Kusan dukkan cutar da muke magana a kai cikin kashin take.

Ga yadda abin yake. Tsutsar da ta fi yawa a cikin kyanwa ita ce wadda likitoci ke kira toksokara. Fara ce, mulmulalliya kamar taliya, tsawonta kan kai santimita 10. Wanda ya taɓa ganin ƴar kyanwa ta yi amai ya ga wani abu yana motsi a ciki, to ita ce. Ƴaƴan kyanwa suna samunta ta nonon uwarsu, shi ya sa za ka ga ƴar kyanwa da ƙaton ciki, gashi a hargitse, tana ci ba ta girma. Babbar kyanwa kuwa tana samunta daga kusu da tsuntsun da ta kama, ko daga ƙasa. Tsutsar tana zaune cikin hanji tana zuba ƙwai dubbai kowace rana, ƙwan yana fita tare da kashi. Ƙanƙanta gare shi ƙwarai: sai an jera fiye da goma kafin su cika milimita ɗaya.

A nan akwai wata rahama da ya kamata kowane mai gida ya riƙe. Ƙwan da ya fito yau ba ya cutar da kowa yau. Sai ya kwanta cikin ƙasa kamar sati 2 zuwa 4, ƴar tsutsa ta ƙulla a cikinsa, sa'an nan ya zama mai cutarwa. Idan kuwa ya kai nan, to ya zama ɗan gari, domin ɓawonsa mai kauri ne, yana iya yin watanni har shekaru da ransa. Kashin ya daɗe da rududdugewa ya zama ƙasa, wari ya gushe, babu wanda ya tuna kyanwa ta taɓa tsugunawa a wurin, amma ƙwan yana nan. Ruwan jabel ma ba ya kashe shi. Abin da ke kashe shi zafi ne da bushewa, kuma Allah Ya ba mu su a ƙasar nan ba da awo ba: rairayin da ranar bazara ke duka tun hantsi har la'asar ba mazauninsa ba ne. Mazauninsa inuwa da laima. Gindin randa, bakin makwararar ruwa, ƙarƙashin bedin tsakar gida, ƙasan rumbu, fangalin garka. Ku duba da kyau, waɗannan su ne wuraren da muke ajiye yaro mai rarrafe domin kada rana ta dame shi.

Yaro ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Ko ya yar da guntun ƙuli-ƙuli ya ɗauka ya ci. Waɗansu yara ma ƙasar suke ɗiba su ci, mu yi dariya mu ce zai daina. Ƙwan ya shiga ciki ya ƙyanƙyashe. Sai dai jikin ɗan Adam ba gidan wannan tsutsa ba ne, saboda haka ba ta girma a hanjinsa kamar yadda take girma a hanjin kyanwa. Ƴar tsutsar takan huda hanji ta bi jini, ta yi ta yawo kamar baƙon da ya ɓata hanya, ta faɗa hanta ko huhu, wani lokaci ido. Mafi yawan waɗanda ta shiga jikinsu ba su jin kome, jiki ya tsare ta ta mutu, alhamdu lillahi. Amma idan ƙwan da aka haɗiya ya yi yawa, musamman ga ƙananan yara, sai a ga zazzaɓi mai kai da komo, da tari da shessheƙa, da ciwon ciki, da kumburin hanta, da rama. A yi ta ba yaro maganin zazzaɓin sauro ba ya warkewa. Ko an kai kashinsa awo ba za a ga kome ba, tun da tsutsar ba ta yi ƙwai a cikinsa ba. Awon jini ne ke nuna alama.

Wadda ta fi ban tausayi ita ce ta ido. Ƴar tsutsa guda ɗaya tak ta isa ta ɓata ganin ido, kuma galibi ido ɗaya take kamawa, ba zafi, ba ja. Yaro ba ya ƙara domin ɗayan idon yana yi masa aiki, sai wata rana uwa ta lura idon ya karkace ko ƙwayarsa ta yi fari. A shekarar 1950 wata masaniya a Amurka, Helenor Wilder, ta bincika idanu 46 da aka cire wa marasa lafiya, akasarinsu yara, da yawa bisa tsoron ciwon daji ne, sai ta tarar da tsutsa cikin 24. Daga baya aka gane toksokara ce, irin ta kare. Gaskiya ita ce ta kare ta fi shahara da wannan ɓarna wurin likitoci, amma ta kyanwa ƴar'uwarta ce kuma hanyarsu ɗaya. Wanda ke da karen gadi ko na farauta, duk abin da muka faɗa ya hau kansa, har ya fi.

Akwai ta biyu, wadda ba ta jiran baki. Ita ƙarama ce mai ƙugiya, tana maƙale hanjin kyanwa da kare tana shan jini. Ƙwanta yakan ƙyanƙyashe cikin rairayi mai laima, musamman da damina, ƴar tsutsar ta jira fatar da za ta taɓa wurin: tafin ƙafa, ko ɗuwawun yaron da aka zaunar ba wando, ko bayan wanda ya kwanta a ƙasa. Sai ta shiga ƙarƙashin fata ta riƙa tafiya kaɗan-kaɗan kullum, tana barin jan layi mai lanƙwasa kamar sawun maciji, da ƙaiƙayi mai hana barci. Da yawa cikinmu sun ga wannan. Kuma da yawa, da suka gan shi, ba gidan likita suka nufa ba, sai suka ce jifa ne ko an taka sammu, aka fara zargin kishiya da maƙwabciya. Subhanallahi! Zumunci ya lalace, an ci naman Musulmi da zato, alhali kuwa abin kashin kyanwa ne da aka bari bayan ɗaki. Wannan tsutsa ba ta iya wuce fata, takan mutu da kanta bayan makonni, kuma ƙwayar magani tana gama da ita cikin kwanaki kaɗan. Kada a tsaga wurin da reza, kada a ɗiga masa kananzir ko ruwan batir.

Ta uku irin tsila ce. Wani lokaci za ka ga abu kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyar kyanwa ko inda ta kwanta, gaɓoɓinta ne. Wannan ba ta kama mutum sai ya haɗiye ƙumar da ke jikin kyanwar, abin da ba ya faruwa sai nadiran, ga jarirai masu cusa fuska cikin gashinta, kuma maganinta mai sauƙi ne.

Sai wata halitta da ba tsutsa ba ce, amma ba zai yiwu a yi maganar kashin kyanwa a tsallake ta ba, saboda matanmu. Sunanta toksoplasma. An fara ganinta a shekarar 1908 a Tunis, cikin jikin wata ƴar dabbar duwatsu mai kama da ɓera, amma sai wajen 1970 aka tabbatar cewa hanjin kyanwa ne mahaifarta. Kyanwar da ta kamu takan zubar da ita cikin kashi na sati ɗaya zuwa uku, kuma abin da ta zubar yana bukatar kwana 1 zuwa 5 kafin ya zama mai cutarwa. Lafiyayyen mutum yakan ɗauka bai ma sani ba. Haɗarin yana ga mace idan ta fara kamuwa tana da juna biyu, domin yana iya jawo ɓari, ko a haifi jariri da lahani a ido ko ƙwaƙwalwa. Haka kuma ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai ciwon sida. Saboda haka, ya kai mai gida, idan iyalinka tana da ciki, kwashe kashin kyanwa ya fita daga wuyanta ya koma naka ko na wani babba a gidan. Ba a ce ka kori kyanwar ba. Ka kuma sani wannan cuta tana zuwa ta naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba, ko da babu kyanwa a gidanka. Tsiren da aka ɗauke daga wuta da jini-jini, da hantar layya da muke gaggawar babbakawa sama-sama domin a fara taɓawa, a bari su gasu har ciki. Ganyen salati da karoti da kabejin da ke zuwa daga garake, na Jiratawa ne ko na Miriya ko na bakin kogin Yamai, a wanke su da ruwa mai tsabta sau da yawa, domin babu garkar da ke da ƙofar hana kyanwa shiga.

Yanzu kuma, ya ku bayin Allah, bari mu yi wa kyanwa adalci, domin an umurce mu da adalci ko ga wanda ba ya iya kare kansa. Macijin cikin nan da yaranmu ke kasayarwa, mai tsawon taƙi ko fiye, ba daga kyanwa yake ba. Daga kashin mutum yake zuwa bakin mutum. Ƴan ƙananan fararen tsutsotsin da ke sa yaro susar dubura da dare, su ma daga mutum zuwa mutum suke, kyanwa ba ta ɗauke da su sam. Tsilar manya daga naman shanun da bai dahu ba take. Tsargiya daga ruwan tabki. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutane wajen biliyan ɗaya da rabi ke ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasar da kashin ɗan Adam ya gurɓata. To, wane ne ya fi cika unguwa da ƙwan tsutsa, kyanwar da ke tona rami ta binne nata, ko mu da muke tura yara bayan katanga da bakin hanya, muna da kuɗin biki amma ba mu da kuɗin gina masai? Laifi tudu ne. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya tsoratar da mu daga abubuwa biyu masu jawo tsinuwa, su ne yin bayan gida bisa hanyar mutane da cikin inuwar da suke hutawa. Wanda ya bar wannan ya tasar wa kyanwa da sanda, ya bar jaki yana dukan taiki.

Haka kuma abin da ake faɗa cewa wanda ya haɗiye gashin kyanwa zai yi tarin fuka, ba haka ba ne. Tarin fuka ƙwayar cuta ce da ake shaƙa daga tarin mai ita. Abin da ke akwai shi ne waɗansu mutane jikinsu ba ya shiri da kyanwa, tana tayar musu da atishawa ko asma, su sai su nisance ta. A ɗaya gefen kuma, masu cewa yawun kyanwa magani ne, babu ƙwayar cuta a bakinta, su ma sun wuce gona da iri. Tsarki hukunci ne na ibada, yana gaya maka abin da za ka yi salla da shi. Ruwan tabki mai tsargiya ruwa ne mai tsarki mai tsarkakewa, alwala da shi ta inganta, amma wa zai ce ba ya cutarwa? Kyanwar Lami ce kaɗai ba ta cizo ba ta yaƙushi. Idan taka ta cije ka ko ta yaƙushe yaro har jini ya fito, a wanke wurin da ruwa da sabuni na minti 15, a tafi gidan likita a ranar, domin cizonta yana ruruwa, kuma ciwon haukan kare yana kama kyanwa ita ma. Labarin nan kuwa da ake yawo da shi, wai Annabi (S.A.W.) ya yanke hannun rigarsa domin kada ya tada kyanwar da ke barci a kai, ba ya cikin ingantattun littattafan hadisi, kuma ba mu bukatarsa. Abin da ya inganta ya wadatar.

Daga cikin abin da ya inganta akwai wanda ya kamata ya hana masu kwali da masu guba barci. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (R.A.) labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, har ta mutu. To, wanda ya raba ƴaƴan kyanwa da uwarsu idonsu bai buɗe ba, ya ajiye su bisa juji cikin rana, me ya bambanta shi da wannan mata? Su ba su iya neman nasu. Malamanmu sun kai maganar nesa, har masu sharhin Muhtasar suka ambata cewa kyanwar da ta makance a gidan mutum, ta kasa fita neman abinci, ciyar da ita ya zama wajibi a kansa. Ku dubi wannan fiƙihu, ku dubi abin da muke yi. Ga shi kuma korar ba ta ma biyan bukata: kyanwar da aka kora ba ta barin unguwa, sai ta koma cin juji, tsutsarta ta ƙaru, ta dawo da dare ta tona tsakar gidanka. Ka rasa mai gadin rumbu, ba ka rabu da kashin ba.

Abin da ya hau kanmu bai kai wahalar da muke zato ba, kuma kusan duka yana cikin waccan tazara da Allah Ya sanya tsakanin fitar ƙwai da nunarsa. Wanda ke kwashe kashin kyanwa kullum ya riga cutar. Ka ware mata wuri can gefe, nesa da randa da madafa, ka zuba rairayi mai laushi cikin tsohon kwano ko daro, za ta saba da shi domin ɗabi'arta ce neman inda za ta tona. Kowace safiya a kwashe da guntun kwano ko leda a hannu, a zuba cikin masai ko a binne da zurfi, kada a watsa cikin garka ko bisa tarin takin da za a kai fangali. Kwanon a riƙa ƙona shi da tafasasshen ruwa a shanya a rana. Idan ta yi a tsakar gida, a ɗebe shi tare da ƙasar da ke kewaye da shi, kamar yadda aka yi umurni game da kusun da ya faɗa cikin daskararren mai, a jefar da shi da abin da ke gefensa. Sa'an nan a wanke hannu da sabuni. Tsoma hannu cikin ƙwarya ɗaya mu goma kafin cin tuwo ba wanki ba ne, na ƙarshe da dauɗar tara ya wanke nasa. A zuba ruwa daga buta. Annabin da ya hana wanda ya tashi daga barci tsoma hannunsa cikin mazubi kafin ya wanke shi, kuma ya yi umurni da rufe ƙorai da dare ko da da ɗan itace ne a gicciye, bai bar mu cikin duhu ba game da wannan. A yanke wa yara farce, a sa musu takalmi da damina, mai rarrafe a shimfiɗa masa tabarma. Yaron da ke cin ƙasa, da mai cikin da ke kwaɗayinta, a kai su awo, domin sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

Ita kanta kyanwar tana da haƙƙin magani. Ba za mu hana ta kamun kusu ba, tun da domin shi muka ajiye ta, kuma muddin tana kamawa tsutsa za ta riƙa dawowa. Saboda haka likitocin dabbobi suka ce babba mai farauta a ba ta maganin tsutsa aƙalla sau 4 a shekara. Ƴaƴan kuwa a fara tun suna sati 3, a maimaita kowane sati 2 har bayan yaye, sa'an nan wata-wata har su cika wata 6, uwar ma a ba ta tare da su. Ku je wurin ma'aikatan kiwo, waɗanda kuke kai wa tumaki da shanu, su auna muku gwargwadon nauyinta. Kada a sayi ƙwaya wurin mai tallar magani a faranti a ɗura mata. Parasetamol da muke sha kamar gyaɗa guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Maganin ƙwarin gona da waɗansu ke shafa mata saboda ƙuma shi ma yana kashe ta, yana kuma cutar da yaran da ke ɗaukarta. Wanda ya ce kashe kuɗi a kan kyanwa almubazzaranci ne, ya tuna hadisin da ya tabbatar da lada cikin kyautata wa duk mai ɗanyar hanta, ya kuma lissafa tiya nawa ta hatsi ta tsare masa a bana.

Akwai magana ta musamman ga kwamitocin masallatai da malaman makarantun allo. Al'adarmu ce mu zuba sabon rairayi a harabar masallaci da inda almajirai ke zama, kuma al'ada ce mai kyau. Amma rairayi mai laushi cikin inuwa shi ne abin da kowace kyanwar unguwa ke nema da dare. A nan muke ɗora goshi, a nan tsoho ke buga tafinsa ya yi taimama ya shafa fuska, a nan almajiri ke zaune da allonsa da akushinsa tun asuba. Wajibi ne a sa wanda zai riƙa duba wurin kowace safiya kafin a shimfiɗa tabarmi, ya ɗebe abin da ya gani da ƙasar gefensa. Inda ta yi fitsari a kwarara ruwa mai yawa, kamar yadda aka yi da fitsarin balaraben ƙauye a masallacin Madina, amma kashi sai an ɗebe shi tukuna, domin zuba masa ruwa yana nan baza ƙwan ne da ba shi laimar da yake so. A riƙa juya rairayin rana ta gasa shi, a sauya shi lokaci-lokaci, a gyara ƙyauren da ya karye. Tarin yashin da masu gini ke barin watanni a ƙofar gida, yara na wasa a kai da rana, kyanwoyi da karnuka na hawa da dare, mai shi ya rufe shi da tamfol ko ƙaya. Wanda ya ce ai cuta ba ta kama kowa sai da ikon Allah, gaskiya ya faɗa, kuma wanda ya koya mana wannan shi ne ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gwama su da lafiyayyu wurin shan ruwa.

Idan kuwa an riga an ga alama, kada a tsaya jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure. Yaron da zazzaɓi da tari suka ƙi barinsa bayan an yi maganin sauro, a mayar da shi gidan likita, a gaya wa likita cewa yana cin ƙasa, kuma akwai kyanwa ko kare a gidan, domin wannan bayani yana nuna masa inda zai duba. Akwai magani, albendazol da waninsa, amma likita ne zai faɗi adadi da kwanaki. Maganin tsutsar da ake raba wa yara a makarantu ku bari su sha, yana da amfani ga macijin ciki, sai dai ƙwaya ɗaya ba ta isa ga wadda ta shiga hanta ba. Wanda kuwa aka ga idonsa ɗaya ya karkace, ko ƙwayar idon ta yi fari, ko yana rufe ido ɗaya ya ce ba ya gani da ɗayan, a kai shi wurin likitan ido cikin satin nan, kada a ɗiga masa kome, domin farin ƙwayar ido ga yaro yana iya zama tsutsa, yana kuma iya zama abin da ya fi ta, kuma duka biyu ba su jira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya ji ƙan mahaifanmu da malamanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.